Ramones: me suka bari a faifai, kuma daga ina mai sauraro zai fara?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya sha ganin sunan Ramones a jikin riguna tare da hoton gaggafa cikin da'ira, da ya bincika sai ya tarar ƙungiyar makaɗa ce ta Amurka wadda ake yi wa kirari da iyayen kiɗan pank, wani salon kiɗan rok mai sauri da kaushi. Ya saurari 'yan waƙoƙinsu, ya ji duk gajeru ne, masu ƙara, kuma kusan iri ɗaya. Ya kuma karanta cewa fayafayansu ba su yi kasuwa ba. Yana so ya san abin da suka bari har ake girmama su haka, da kuma faifan da ya kamata ya fara da shi.

Ɗan'uwa, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, abin da ka karanta ma gaskiya ne. Ramones sun fitar da kundin waƙoƙi 14 na situdiyo tsakanin 1976 da 1995, sun hau dandali sau 2,263 cikin shekara 22, kuma a ƙasarsu babu ko ɗaya daga cikin kundayen nan da ya shiga sahun 40 na farko a jadawalin Billboard, mai jera fayafayan da suka fi ciniki a Amurka. Abin da ya sauya kiɗan rok daga hannunsu yana cikin fayafayai huɗu ne, waɗanda aka naɗa tsakanin farkon 1976 da daren ƙarshe na 1977. Sauran suna da nasu amfani, zan zo kansu, amma in ka fahimci huɗun nan ka kama bakin zaren.

Samari huɗu ne daga unguwar Forest Hills da ke yankin Queens a birnin Niyok, suka haɗu a 1974. Babu dangantakar jini tsakaninsu, sunan Ramone ɗaukarsa suka yi gaba ɗaya: Joey mai waƙa, Johnny mai jita, Dee Dee mai jitar bas, Tommy mai ganguna. A lokacin kiɗan rok ya yi ƙiba. Waƙa ɗaya kan kai minti goma, mai jita ya tsaya shi kaɗai yana nuna gwaninta har mai sauraro ya manta da amshi, manyan ƙungiyoyi kuma su kwashe watanni a situdiyo suna kashe kuɗi kamar ba gobe. Su waɗannan samari da waƙoƙin rediyo na shekarun 1960 suka tashi, masu minti biyu da rabi, irin na Beach Boys da na ƙungiyoyin 'yan mata masu zaƙin murya, sannan suka haɗa da kaushin ƙungiyoyin Stooges da New York Dolls. A watan Agusta na 1974 suka fara wasa a CBGB, wata ƙaramar mashaya a titin Bowery, inda sukan gama duk waƙoƙinsu cikin kimanin minti ashirin.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai ba su iya kiɗa ba ne shi ya sa suka yi shi da sauƙi. Rabinta gaskiya ce. Johnny da Dee Dee ba su daɗe da riƙe jita ba, kuma sun gwada kwaikwayon waƙoƙin wasu suka kasa. Amma Tommy, wanda aka haifa a Budapest, ya riga ya yi aiki a situdiyon Record Plant a matsayin mataimakin injiniyan sauti, har ya sa hannu a aikin wani faifan Jimi Hendrix. Da farko shi manaja ne. Joey ne ke kan ganguna, Dee Dee ke waƙa, sai aka ga Dee Dee ba ya iya haɗa waƙa da kaɗa bas a lokaci guda, aka tura Joey gaba. Tommy ya yi ta nuna wa masu neman gurbin ganguna yadda yake so a buga, ba wanda ya gane, daga ƙarshe ya zauna da kansa. Mutum ne da ya san abin da yake cirewa daga kiɗan da dalilin cire shi, kuma ana jin wannan a faifansu na farko.

Kamfanin Sire na Seymour Stein ne ya ɗauke su. A farkon 1976 suka shiga Plaza Sound, wani situdiyo da ke saman zauren Radio City, tare da furodusa Craig Leon. Cikin kimanin mako guda aka gama, a kan dala 6,400. Kundin mai suna Ramones ya fito ranar 23 ga Afrilu, 1976: waƙoƙi 14 cikin minti 29, mafi tsawonsu ta ɗan haura minti biyu da rabi.

Tunda ka ce duk iri ɗaya kake ji, bari in gaya maka inda za ka sa kunne. Johnny da bugun ƙasa kaɗai yake kaɗa tsirkiyoyin jitarsa. Sauran makaɗa kan sauke hannu su ɗago, bugu biyu a tafiya ɗaya, domin ya fi sauƙi. Shi saukewa kawai yake yi, da sauri, ba hutu, yana danne duka tsirkiyoyin da yatsa ɗaya yana zamewa a wuyan jitar Mosrite ɗinsa tsakanin wurare uku ko huɗu. Sakamakon shi ne sauti mai kauri wanda ba ya yankewa, kuma duk wanda ya taɓa gwadawa ya san kafin minti uku tsintsiyar hannu ta fara zafi. Dee Dee yana bin sa a ƙasa, bugu da bugu. Tommy yana riƙe da lokaci a kan ƙananan farantan ƙarfe, ba ya yawan zagaya ganguna don ado. Babu wurin da aka ware wa mai jita ya yi gwaninta. A kan wannan duka sai ga muryar Joey, mai taushi, mai raujin waƙoƙin soyayya na shekarun baya. Wannan haɗin shi ne sirrin. In ka cire ƙarar jitar, abin da zai rage waƙar rediyo ce da yaro zai iya rerawa. Wanda bai saba da kalangu ba haka yake cewa duk kiɗan ɗaya ne, sai kunnensa ya zauna sannan ya fara rarrabe take da take. Ka ba kundin nan saurare uku, za ka ji kowace waƙa da amshinta daban.

Akwai abin da za ka iya gwadawa da kanka. A asalin haɗin sautin, an ajiye jita a sifika ɗaya, bas a ɗayar, ganguna da murya a tsakiya, irin yadda aka yi wa tsofaffin fayafayan Beatles. Ka sa abin ji na kunne, ka cire gefe ɗaya, za ka ji jitar Johnny ita kaɗai da ganguna da murya. Ka sauya, ka ji Dee Dee. Wannan ya zama makaranta kyauta ga yaran da suka sayi faifan, domin kowa na iya ware sashensa ya koya a ɗakinsa. An kuma ninka muryar Joey a wurare da dama don ta yi kauri. Aiki ne da aka yi da lissafi, duk da ƙarancin kuɗi.

Game da kalmomin waƙoƙin, gara in faɗa maka tun yanzu. Suna magana a kan shaƙar sholisho, da dukan mutane, da taɓin hankali, da zaman banza a titi, da finafinan ban tsoro, cikin wani irin barkwanci mai duhu. Akwai wadda ta taɓo 'yan Nazi har Seymour Stein ya nemi a sauya baitinta. Dee Dee, wanda ya rubuta mafi yawa, a Jamus ya girma, ɗan sojan Amurka ne da uwa Bajamushiya, kuma tun yana matashi yake fama da ƙwaya. Joey da Tommy Yahudawa ne, iyayen Tommy ma da ƙyar suka tsira daga kisan kiyashin Yaƙin Duniya na Biyu. Sanin wannan yana taimakawa wajen gane cewa ba yabon Nazi ake yi ba, amma ni dai akwai baitocin da ba zan kare su ba, kuma ba kiɗan da zan kunna a gaban yara ba ne.

Kundin ya tsaya a lamba 111 a jadawalin Billboard. Gidajen rediyon Amurka suka ƙi shi. A Ingila ne ya sami kunne. Ranar 4 ga Yuli, 1976, ranar da Amurka ke bikin cika shekara 200 da samun 'yanci, Ramones suna Landan a zauren Roundhouse gaban mutum kusan 2,000, taron da ba su taɓa ganin irinsa a gida ba. Washegari suka yi wasa a Dingwalls, inda 'yan Clash da Sex Pistols, ƙungiyoyin pank na Landan, suka je suka same su. Ana yawan cewa wannan tafiya ce ta haifi pank a Ingila, wanda ƙari ne a kan gaskiya, domin Sex Pistols sun fara wasa tun 1975. Abin da faifan ya yi shi ne ya nuna wa ƙungiyoyin Landan gudun da za a iya yi da gajartar da za a iya kaiwa, kuma cikin 'yan watanni kiɗansu ya ƙara sauri.

Da yawa daga cikin waƙoƙin kundayensu na farko an riga an rubuta su kafin su sa hannu da Sire, shi ya sa suka iya fitar da biyu a 1977 kaɗai. Leave Home ya zo a Janairu, da sauti mafi tsabta da gudu mafi yawa. An cire waƙa guda daga cikinsa bayan fitowarsa saboda ta ambaci sunan Carbona, wani maganin cire tabo da kamfani ke da rajistarsa, aka ji tsoron ƙara a kotu. Rocket to Russia ya biyo a Nuwamba, da injiniya Ed Stasium a kan na'ura. In za ka riƙe faifai ɗaya tak na situdiyo, wannan nake ba ka. A nan ne zaƙi da kaushi suka yi daidai wa daida, kiɗan bakin teku na Kalifoniya ya shiga cikin ƙarar Niyok, kuma Joey ya fi sakin murya. Ya kai lamba 49. Waƙar "Rockaway Beach" da ke cikinsa ta kai lamba 66, kuma har suka watse babu wata waƙarsu da ta wuce nan a Amurka. Sun sa rai sosai a wannan kundi. Sai dai a shekarar ce labaran zagi da tofa yawu na Sex Pistols suka cika jaridu, sunan pank ya zama abin gudu ga masu gidajen rediyo, laifin wani ya shafe su.

Na huɗun shi ne It's Alive, wanda aka naɗa a zauren Rainbow na Landan daren 31 ga Disamba, 1977, ya fito a 1979. Waƙoƙi 28 ne cikin ƙasa da awa ɗaya. Tsakanin waƙa da waƙa babu surutu, sai Dee Dee ya ƙwala ƙirgen ɗaya zuwa huɗu a faɗa ta gaba. Duk wanda yake son ya san abin da ya sa mutane suka fita daga wasansu suka je neman jita, nan zai ji shi. Abin takaici, ba a fitar da shi a Amurka ba sai a 1995.

Daga nan labarin fayafayan ya zama na neman shiga rediyo. Tommy ya gaji da yawon wasa, ya sauka daga ganguna a 1978, Marky ya hau. Road to Ruin na wannan shekarar ya zo da jita marar lantarki da waƙoƙi masu sanyi. Kundi ne mai kyau, a cikinsa "I Wanna Be Sedated" take, wadda yau tana cikin waƙoƙinsu da aka fi sani, amma a lokacin ya yi kwantai a lamba 103.

Sai aka kai su wajen Phil Spector, furodusan da ya gina sautin ƙungiyoyin 'yan matan da Joey ke ƙauna tun yana yaro. A takarda haɗin ya yi ma'ana. A situdiyon Gold Star na Los Angeles, a 1979, abin ya zama azaba. Mutanen da suka saba gama kundi cikin kwanaki suka haɗu da wanda zai sa Johnny ya maimaita bugu ɗaya na buɗe waƙa sau da dama, ya zauna yana saurarensa na tsawon lokaci. Dee Dee ya ce Spector ya tsare su da bindiga a gidansa, Marky ya ce yana ɗauke da bindigogi amma bai tsare kowa ba. End of the Century ya fito a Fabrairun 1980, ya kai lamba 44 a Amurka, mafi girman matsayin da suka taɓa samu, da lamba 14 a Ingila. Waƙar da ta fi tashe a cikinsa, "Baby, I Love You", tsohuwar waƙar Ronettes ce, ta kai lamba 8 a Ingila, kuma Joey ne kaɗai ɗan ƙungiyar da ke cikinta, sauran duk makaɗan haya ne da goge irin na Turawa. A ganina wannan kundi na Joey ne fiye da na Ramones. Muryarsa ba ta taɓa fita da kyau haka ba, amma jitar Johnny ta nutse cikin amsa-kuwwa. Johnny ya sha sukarsa. Ni ina saurarensa, ina kuma jin abin da aka rasa.

Shekarun 1980 zan bi su da sauri. Pleasant Dreams na 1981 da Subterranean Jungle na 1983 furodusoshin da kamfani ke fatan za su kawo kasuwa ne suka yi su, haƙar ba ta cimma ruwa ba. A wannan tsakanin Joey da Johnny suka daina ga maciji, kan mace da kan siyasa da kan alƙiblar kiɗan, suka ci gaba da zama a mota ɗaya shekara da shekaru ba sa magana. Wanda ya cancanci ka tsaya a kansa shi ne Too Tough to Die na 1984. Tommy da Ed Stasium suka dawo kan na'ura, Richie na kan ganguna, Johnny ya tashi daga jinyar fashewar ƙoƙon kai da ya samu a wani faɗa a 1983. A lokacin yaran da suka koya daga gare su, irin su Black Flag, sun riga sun ƙara wa kiɗan gudu da zafi, kuma a wannan kundi za ka ji malamai suna mayar wa ɗalibansu martani. A 1985 suka fitar da waƙar sukar ziyarar da Shugaba Reagan ya kai maƙabartar sojoji ta Bitburg a Jamus, inda aka binne wasu dakarun SS na Nazi. Johnny, mai goyon bayan Reagan, ya sa aka sauya mata suna kafin ta shiga Animal Boy a 1986. Dee Dee ya fita a 1989 bayan Brain Drain, C.J. ya karɓi bas, amma Dee Dee ya ci gaba da rubuta musu waƙoƙi har kundin ƙarshe, ¡Adios Amigos!, na 1995.

Maganar kasuwa kuwa, ta danganta da inda ka tsaya. A Amurka ƙananan zauruka suka yi ta zagayawa. A Ajantina da Burazil kuwa matasa kan kewaye motarsu har ta kasa motsi, kuma a Maris na 1996 sun yi wasan bankwana a filin ƙwallon River Plate da ke Buenos Aires gaban dubun dubatar mutane. A gida, a 1994, suna kallo Green Day da Offspring suka sayar da miliyoyin kwafi da salon da su suka shimfiɗa. Suka yi wasan ƙarshe ranar 6 ga Agusta, 1996, a zauren Palace na Hollywood. Duk tsawon rayuwar ƙungiyar, tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi na Ramones Mania na 1988 ne kaɗai ya sami shaidar zinare a Amurka, wato kwafi 500,000. Kundin farko sai a 2014 ya kai wannan adadi, shekara 38 bayan fitowarsa. Joey ya rasu a 2001, Dee Dee a 2002, watanni kaɗan bayan an shigar da su zauren girmama makaɗan rok, Johnny a 2004, Tommy kuma a Yulin 2014. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka kundin farko cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa.

Ni ba da waɗannan lambobin yabo nake auna su ba. Ina duba abin da wasu makaɗa suka yi da fayafayan. Bad Brains na birnin Washington daga wata waƙar Road to Ruin suka samo sunansu. Motörhead sun yi waƙa sukutum da sunan Ramones a 1991. Screeching Weasel sun sake naɗa kundin farko gaba ɗayansa, waƙa bayan waƙa, Queers suka yi haka da Rocket to Russia. A 2003 Metallica da U2 da Red Hot Chili Peppers da Kiss, waɗanda kiɗansu ya yi hannun riga da juna, suka taru a kundi ɗaya suna rera waƙoƙinsu. Yaron da ya saurari manyan gwanayen jita na 1975 yakan ji shi ba zai taɓa kaiwa can ba. Wanda ya saurari Ramones yakan ji in ya sami abokai uku da wurin gwaji, cikin wata guda za su iya hawa dandali. Daga baya ne yake gane riƙe wannan gudun ba tare da kuskure ba aiki ne ja, amma kafin nan ya riga ya fara.

To ga shawarata. Ka fara da Rocket to Russia, domin ya fi saurin shiga kunne. Ka koma kundin farko, ka yi gwajin cire gefe ɗaya da na gaya maka. In rabuwar sifikun ta dame ka, akwai bugun cika shekara 40 na 2016 wanda Craig Leon ya sake haɗa sautin wuri ɗaya, ya fi dunƙulewa. Sannan It's Alive, daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, kada ka tsallake waƙa. Leave Home ka nemi sabon bugu wanda aka mayar da waƙar da aka cire. Bayan waɗannan sai Road to Ruin da Too Tough to Die, sannan End of the Century in kana son jin abin da muryar Joey za ta iya. Loco Live, wanda aka naɗa a Barcelona a 1991, ka bar shi sai ƙarshe: a lokacin sun ƙara gudu har Joey ba ya samun sararin furta kalmomi, raujin waƙoƙin ya ɓace, kuma wanda ya fara da shi zai ɗauka hayaniya ce kawai.